Yadda za a riƙe majalisar masu kiwon tattabara kada zance ya raba ta

Duk majalisar da abu ɗaya ya tara mutanenta, wata rana sai an sami saɓani kan wanda ya kawo zancen da ba shi aka zo yi ba. Tamu ta masu kiwon tattabara ce. A Mabera, cikin garin Sakkwato, muke zama ranar Juma'a bayan la'asar, ƙarƙashin dogon yaro, kuma akwai masu zuwa daga Arkilla, Runjin Sambo har Gidan Igwai. Abin da zan faɗa zai yi wa masu dawaki da 'yan dara amfani, don ciwon ɗaya ne. Na lura cewa mutum bai cika yin fushi don an ce zancensa ya kauce ba. Abin da ke ƙona masa rai shi ne yadda aka katse shi a gaban jama'a, da kuma ganin an ƙyale wani ya yi irin abin da aka hana shi.

Ku fara da yarjejeniya tun ana dariya. Dokar da aka kafa ranar rigima, kowa zai ce don shi aka yi ta. Ku zauna ranar da babu mai jin haushin kowa, ku amince da abin da ke cikin zancenku da abin da ba ya ciki.

Nan ne wahalar take, don iyakar ba a fili take ba. Ɗauki farashin gero. Mai kiwo dole ya san nawa tiya take a kasuwa, ya san da kaka ake saye a ajiye kafin damina ta zo ya yi tsada. Wannan zancenmu ne tsantsa. Amma daga "gero ya hau" zuwa "wa ya jawo" taku ɗaya ne. Sai wani ya ambaci cire tallafin man fetur na watan Mayun 2023, wani ya kare gwamnati, wani ya zage ta, kafin ka ankara an manta da tsuntsu gaba ɗaya. Haka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wadda ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024. Wanda ya ce hanyar Illela da Ƙonni ta toshe, hatsi da tsuntsaye ba sa shigowa yadda aka saba, yana kan hanya. Wanda ya fara rabon laifi tsakanin shugabanni ya sauka daga kanta. Ma'aunin da muke amfani da shi tambaya ce ɗaya: ina tattabara a cikin wannan magana? In mai magana zai iya nuna ta, a bar shi ya ci gaba.

Kada kuma a matse ma'aunin har ya hana abu mai amfani. Labarin murar tsuntsaye, ko a gonar kaji ta ɓulla, ko a wata jiha, namu ne. Tun da cutar ta fara bayyana a Najeriya a 2006, a jihar Kaduna, mai hankali ba ya cewa wannan matsalar masu kaji ce.

Abu uku ne nake ganin bai kamata su shigo ba ko kaɗan: siyasar jam'iyya, saɓanin malamai da ƙungiyoyin addini, da zancen iyalin wani. Ƙwallo mai sauƙi ce, ana iya ɗaga ta zuwa ƙarshen zama.

Shi ya sa nake ba da shawarar a raba lokaci. Farkon zama na tsuntsu ne. In rana ta yi sanyi, magariba ta kusa, a saki hira kowa ya faɗi abin da ke ransa. Mutane ba don ilimin kiwo kaɗai suke zuwa ba, zumunci ma yana kawo su, kuma majalisar da ta hana hira baki ɗaya ba ta daɗewa. Gaisuwa, barka da ta'aziyya ba sa cikin abin da ake ƙirgawa. Mutumin da aka yi wa rasuwa ya zo ya zauna, in zaman ranar duk ya tafi a kansa, ba a yi asara ba.

Sai batun wanda zai tsayar da magana, kuma wannan ya fi duk sauran nauyi a wurina. Mutum ɗaya za a zaɓa. In kowa yana da ikon cewa "ba wannan ya tara mu ba", masu gyaran sai su fi mai kaucewar cika wuri da surutu. Na ga zaman da mutum ya yi maganar ƙwallo ta ɗan lokaci kaɗan, amma gardamar ko ya dace ya yi ta cinye yammacin duka. Kada a zaɓi wanda ya fi kowa yawan tsuntsaye ko kuɗi don kawai ya fi. A nemi mai sanyin baki wanda manya ba sa jin nauyin ya yi musu magana, yara kuma ba sa tsoronsa.

Shi kuma kada ya ce "ka kauce". Tambaya ce makaminsa. In dattijo ne ya zarce, sai ya ce: "Alhaji, ranka shi daɗe, kahin mu kai nan, waccan tattabara taka da ta bar cin abinci, ya ta kwana?" Alhaji zai gane, kuma mutuncinsa bai taɓu ba. In yaro ne: "Ƙanena, riƙe muna wanga zance sai an jima." Hannunka mai sanda ya isa mafi yawan mutane. Amma ya zama dole abin da aka yi wa yaro a yi wa Alhaji. Ranar da aka bar mai kuɗi ya yi rabin awa yana yabon ɗan takararsa, sannan aka katse ɗalibi daga buɗe baki, ranar dokar ta mutu, ko da ba wanda ya ce uffan.

Akwai wani kuskure da tsofaffin hannu ke yi, suna ɗaukar tambayar sabon shiga kamar ɓata lokaci. Yaro ya sayi aure ɗaya, wato mace da namiji, ya zo yana tambayar kwana nawa tattabara take yi kan ƙwai, sai a ce masa an sha faɗa. To shi bai ji ba. A gaya masa: ƙwai biyu take yi, kwanci kusan kwana 18, namiji yana karɓa da rana, mace da dare, su biyun ke ciyar da 'yan shila daga maƙoshinsu, kuma wajen wata guda 'yan shilar ke fara tashi. Wannan tambayar ta fi dacewa da zaman fiye da labarin da wani zai maimaita na tsuntsun da ya sayar da tsada shekarun baya.

Mai tsuntsu marar lafiya shi ke fara magana, wannan ƙa'ida ce a wurinmu. Wanda ya ga wani abu rawaya a maƙogwaron 'yan shilarsa, ko tattabara tana murɗe wuya tana juyi, ko ƙuraje sun fito mata a gefen ido da baki da damina lokacin sauro, jira na mako guda yana iya cinye masa ɗaki. A saurare shi, a ce ya ware marar lafiyar, ya raba mata mazubin ruwa, ya nemi likitan dabbobi. Sai dai ya zo da bayani, kada ya zo da tsuntsun. A watan Afrilu kuma, da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, zancen ruwan sha da inuwa ya cancanci a ba shi wuri kowane mako.

Ciniki a yi shi bayan an tashi. Kada a kushe tsuntsun mutum a gaban mai saye, kada kuma a shiga cinikin da wani ya fara, Manzon Allah (SAW) ya hana. Tattabarar da ta sauka ɗakinka ba taka ba, ka sanar a zama na gaba, ka faɗi launinta. In mutum biyu suka ce tasu ce, ba a majalisa za a yanke ba. Dattawa biyu su je gidajen su duba, shi ya sa sa zobe a ƙafa tun suna ƙanana ke rage rigima.

In duk da haka murya ta tashi, a rufe zaman da wuri, a tafi masallaci. Mai tsayar da magana ya sami kowannensu shi kaɗai kafin wata Juma'a. Wanda ya yi fushi ya daina zuwa, kada a aika masa saƙo ta bakin wani. Mutum biyu su taka har gida, su gaishe shi, su nemi ya nuna musu tsuntsayensa, kuma kada su tayar da zancen rigimar sai in shi ya fara.