Darasi na 9: Yadda Ruwa Yake Cin Dutsen Yashi

Dutsen yashi asalinsa rairayi ne. Ruwa ko iska suka tara shi, wani ya hau kan wani, ya danne shekaru miliyoyi har ya zama dutse. A nan Kano ba shi ne ya fi yawa ba, ƙasarmu ta baƙin dutse ce da marmara, irin wadda ke kan Dala da Gwauron Dutse. Amma wanda ya taɓa zuwa jihar Gombe ya ga Dutsen Bima, to ya ga dutsen yashi da idonsa.

Ku ɗauki bulo ku duba. Yashi ne, siminti ya riƙe shi. Haka dutsen yashi yake, sai dai abin da ya riƙe shi Allah ne Ya zuba: wani farar ƙasa ce, wani sinadarin ƙarfe, wani yumɓu, wani kuma sinadarin silika, wato irin sinadarin da ke cikin ƙwayar rairayi. Mai silika shi ya fi ƙarfi. Mai farar ƙasa shi ruwa ya fi samu.

Ruwan sama ba ya saukowa shi kaɗai. Yana kwaso iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ya ɗan yi tsami. Harshe ba zai ji ba, amma dutse yana ji. Dutsen yashi kuwa yana da ƙananan ƙofofi, yana shan ruwa. Ruwan ya shiga ciki, ya narkar da farar ƙasar kaɗan-kaɗan, damina bayan damina. Ƙwayar yashin ba ta narke ba, abin da ya riƙe ta ne ya tafi. Shi ya sa in kun shafa irin wannan dutse, sai ku ga rairayi a tafin hannu. Ruwan Agusta ya zo da ƙarfi ya kwashe shi. Wannan kwashewar ita ce zaizaya.

In ƙarfe ne a ciki, tsatsa yake yi, dutsen ya koma ja ko ruwan ƙasa. Akwai kuma gishiri. Ruwa ya shiga da shi, rana ta busar da ruwan, gishirin ya daskare a ƙofofin yana tura su har fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Wannan ya shafe mu sosai, domin shi ne farin nan da ke fitowa a gindin katanga, fenti ya kumbura, filasta ta zube. Abin takaici, da yawa sai su sake fenti su bar ruwan yana kwanciya a wurin. Ku gyara indararo, ku yi wa gindin bango daɓe mai gangara, ku yashe kwata tun kafin ruwan farko.

Aikin gida: ku sa ɓawon ƙwai a kofin gilas, ku matsa lemon tsami ya rufe shi. Ɓawon ƙwai da farar ƙasar cikin dutse sinadarinsu ɗaya. Ku lura da ƙananan kumfa a jikinsa, ku bar shi ya kwana, ku taɓa shi da safe. Ku rubuta jimla uku kan abin da kuka gani, ku zo da su aji.