Yadda ake hawa Drakensberg a ga zanen mutanen San

Wuraren zanen da ake kira kogon dutse a tsaunukan Drakensberg ba ramuka ne masu duhu ba. Rumfuna ne da iska da ruwa suka ƙwaƙule a jikin dutse mai yashi, gabansu a buɗe, kuma a bangonsu mutanen San, mafarautan da suka zauna a kudancin Afirka tun dā, suka yi zane. A gandun uKhahlamba-Drakensberg na lardin KwaZulu-Natal, a Afirka ta Kudu, akwai irin waɗannan rumfuna kusan 600, ɗauke da zane sama da 35,000. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2000, a 2013 aka haɗa shi da gandun Sehlabathebe na Lesotho. Kaɗan daga cikin rumfunan ne aka buɗe wa baƙi, su ma ba a zuwa sai da ɗan jagora mai izini.

Fara da zaɓen wuri daidai ƙarfin ƙafarka. Main Caves da ke Giant's Castle shi ne mafi sauƙi: tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga masauki, hanya a share, yara da dattawa ma suna iyawa. Zanen da ke wurin ya kai ɗaruruwa, sai dai da yawa sun dushe. Battle Cave a Injisuthi tafiya ce mai cinye yawancin yini. A ɓangaren Cathedral Peak akwai cibiyar Didima, inda ake bayanin zanen, ta dace da wanda hawa ya gagara. Amma wanda ke da rana ɗaya tak, kuma gwiwarsa lafiya, Game Pass Shelter da ke Kamberg ya kamata ya nufa. Hawan yakan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi, ƙarshensa da tsayi, amma launin zanen can yana nan raɗau.

Duk wuraren nan ana kai musu ne daga babbar hanyar N3 da ta haɗa Durban da Johannesburg: Kamberg ta Nottingham Road, Giant's Castle ta Mooi River ko Estcourt, Cathedral Peak ta Winterton. Hukumar Ezemvelo KZN Wildlife ke kula da gandun. A kira ofishin wurin kwana ɗaya ko biyu kafin zuwa, domin 'yan jagora suna da lokutan tashi, wanda ya makara sai ya jira na gaba ko ya koma. A riƙe tsabar kuɗin rand, kuɗin shiga daban, na ɗan jagora daban, kuma na'urar kati ba kullum take samun sabis a tsakanin duwatsu ba.

Batun lokaci shi ne inda baƙi suka fi yin kuskure. A can, damina daga Nuwamba take zuwa Maris. Gari kan waye garau, da azahar hadari ya taso ta bayan dutse, kafin ka ankara tsawa ta fara sauka. Mutumin da ke tsaye a kan tudun ciyawa, babu bishiya babu gini, shi ne abu mafi tsawo a wurin, shi ya sa tsawa ke kisa a duwatsun nan. A watannin nan a fita da sassafe, a sauko kafin ƙarfe ɗaya. Daga Yuni zuwa Agusta sama tas take, amma sanyin safe na daskarar da ruwa, wani lokaci har dusar ƙanƙara ta sauka. Afrilu da Mayu sun fi daɗin tafiya: ruwa ya ja baya, ciyawa ba ta gama bushewa ba.

Kaya ba su da yawa. Takalmi mai rufe idon sawu wanda ƙasansa ke kama dutse, kuma ba sabo fil ba, don sabon takalmi bororo yake yi. Ruwa lita biyu ga kowane mutum a tafiyar rabin yini. Rigar ruwa da rigar sanyi ko da rana na ƙwallewa, hula mai baki, da dogon wando saboda kaska. Rumfunan suna wajen mita 1,800 ko fiye daga matakin teku, don haka wanda ya taso daga Durban zai ji numfashinsa na gajarta, kuma rana na ƙona fata ko ana sanyi. In tafiyar doguwa ce, a cika littafin rajistar masu hawa da ke ofis: suna, hanya, lokacin dawowa. Da shi masu ceto ke aiki idan hazo ya rufe mutum. A tuna a sa hannu bayan an dawo, kada a fita neman wanda ke kwance a ɗakinsa. Kasa kuwa takan kwanta shan hantsi a tsakiyar hanya, ba ta gudu, sai a riƙa duban inda ake taka ƙafa.

Da an iso bakin rumfa, a sauke jaka da sanda a waje. Jakar baya ce ke gogar bango idan mutum ya juya bai sani ba. A taka a hankali, ƙurar da ƙafa ta tayar bango take komawa. Sannan a tsaya. Ido da ya sha hasken rana ba ya ganin komai a minti na farko sai jan dutse. Bayan minti biyar ko goma siffofi ke fara fitowa, wani a kan wani, don masu zanen sukan ɗora sabo a kan tsoho da gangan. Ƙaramin madubin hangen nesa yana da amfani a nan fiye da yadda ake zato, domin wasu layukan ba su fi kaurin zare ba.

Dabbar da za ka fi gani ita ce eland, 'yar uwar gwanki mai girman bijimi. An yi jikinta da jar ƙasa, wuya da ƙafafu da farar ƙasa, baƙi kuma daga gawayi, an kwaɓa da abubuwa irin su jini da kitse. Farin ya fi saurin gogewa, shi ya sa za ka ga eland ba kai ba ƙafa: ba haka aka zana ta ba. A Game Pass, nemi wadda ta sunkuyar da kai, gashinta a miƙe, ƙafafunta na baya a harɗe, tana gab da mutuwa. Wani mutum na riƙe da wutsiyarta, shi ma ƙafafunsa a harɗe, kuma kofato ne da shi maimakon sawu. Wannan zane na cikin waɗanda masanin zanen San David Lewis-Williams ya dogara da su wajen cewa zanen ba labarin farauta ba ne kawai, yana nuna mai magani da ya fita hayyacinsa a rawar warkarwa, wadda San ke kamantawa da mutuwa. Da wannan a ranka, sai ka fara lura da masu haɓo, da masu kan dabba, da waɗanda suka duƙa hannuwansu a baya. Inda ka ga doki ko bindiga, zanen na ƙarni na 19 ne, na ƙarshen zamanin masu zanen. Mafi tsufa da aka auna sun kai shekara dubu biyu zuwa uku.

Taɓawa haramun ce a dokar kare kayan tarihi ta ƙasar ta 1999, kuma da dalili. Maiƙon yatsa na shiga fenti, ya baƙanta shi, ba ya fita. Mafi muni shi ne yayyafa ruwa don launi ya fito a hoto. Ruwan na narkar da gishirin da ke cikin dutsen, idan ya bushe gishirin ya taso ya yi farin ɓawo, fentin ya ɓare tare da shi. Hayaƙi ma haka, don haka ba a hura wuta, ba a kwana a rumfar da ke da zane. Ɓallen dutse ko guntun ƙashi da ka gani a ƙasa, bar shi inda yake. Hoto kuwa, kashe filasha: banda cewa 'yan jagora kan hana, haskenta na wanke launin ya fito fari fat. Inuwar rumfar ta fi ba da hoto mai kyau, in dai ka dafe gwiwar hannu a cinyarka don kada kyamara ta girgiza.