Shawara ga masu riƙe da gonar kwaleji

Malamai 'yan'uwa, musamman shugabannin sashen aikin gona a nan Kebbi: tun watan Afrilu ku zauna da hukumar makaranta ku daidaita jadawalin karatu da na gona. Shinkafa ba ta san hutun ɗalibai ba. Sati 2 zuwa 3 bayan dashe take buƙatar cire ciyawa da zuba taki, idan ya faɗo lokacin jarrabawa, gonar ta tafi. Ku ba kowane ɗalibi fangalinsa, da maki a kai, domin gonar kowa da kowa ba ta da mai ita. Kuɗin amfanin gona kuma a ware shi, a sayi taki da iri kafin damina ta tayar da farashi.