Yaushe Ake Sauke Fitilun Biki Daga Jikin Gida?

Rataya fitilun biki ba ya wa kowa wuya, domin lokacin akwai zumuɗi, yara suna tsalle, maƙwabta duk sun kunna nasu. Saukewar ce aiki. Ina wannan sana'a a nan jihar Michigan ta Amurka, daga Nuwamba ina hawa gidajen mutane ina ɗaura musu fitilu, a Janairu in koma in kwance, kuma 'yan'uwanmu da suka sayi gida ko suka kama haya a Amurka sukan tambaye ni ranar da ya kamata a sauke. Amsata kullum ita ce, kashewa daban, saukewa daban. Ranar kashewa kalanda ce ke faɗa maka. Ranar hawa tsani kuwa sai ka duba sama.

Mu fara da kalandar. Ga masu Kirsimeti, al'adar da ta fi yaɗuwa ita ce dare na goma sha biyu, wato 5 ga Janairu idan an fara ƙirga daga 25 ga Disamba. Wasu suna kaiwa 6 ga wata, ranar da coci ke tuna zuwan masana daga gabas wurin jariri Yesu. A Ingila har camfi suke da shi cewa barin ado ya wuce wannan dare yana jawo rashin sa'a, alhali kakanninsu a da sai 2 ga Fabrairu suke saukewa, kwana arba'in bayan Kirsimeti. Idan kuma maƙwabcinka ɗan Habasha ne ko Kibɗawan Masar, kada ka yi mamakin ganin fitilunsa suna ci bayan kowa ya kashe, domin tasu Kirsimetin 7 ga Janairu take. Yawancin Amurkawan da nake wa aiki ba ruwansu da wannan lissafi duka. Su dai da an wuce sabuwar shekara, ƙarshen mako na farko ko na biyu, sai su kira ni.

To amma kafin ka bi al'adar kowa, ka ɗauko takardun gidanka. Unguwanni da yawa a ƙasar nan suna da ƙungiyar masu gidaje, kuma a cikin dokokinsu sukan rubuta kwanakin da aka yarda ado ya zauna a waje bayan biki. Ka wuce, su aiko maka wasiƙa, ka yi kunnen uwar shegu, tara ta biyo baya. Ɗan haya kuma ya duba yarjejeniyarsa, musamman abin da ya shafi baranda.

Akwai iyaka ɗaya da ni ba na wasa da ita. Ƙa'idar aikin lantarki ta Amurka ta ce wutar ado ta wucin gadi kada ta wuce kwana 90. Fitilun nan da ake sayarwa a kwali ba a yi su don su shekara a waje ba. Robar da ta lulluɓe wayar siririya ce, rana tana cin ta, sanyi yana busar da ita, ruwa yana shiga mazaunin kwan fitilar ya yi tsatsa. Ga kurege, wanda a nan yake yawo kan rufi ba tsoro, yana gaigayar waya har sai tagulla ta fito. Wanda ya rataya nasa bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, kwanakinsa 90 suna cika wajen ƙarshen Fabrairu.

Wannan iyaka ta shafe mu mu ma masu yi wa azumi ado. Yanzu abin ya zama ruwan dare, a garin Dearborn na nan Michigan har gasar gidan da ya fi ƙawatuwa da fitilun Ramadan an taɓa yi, a Landan ma tun 2023 ake ƙawata titi a tsakiyar gari. Na sha jin maigida yana cewa bari a bar su har Babbar Sallah, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ka ƙirga mana. Daga ɗaya ga Ramadan zuwa goma ga Zulhajji kusan kwana 100 ne, ka riga ka haura. Ni a gidana nakan bar su su yi kwanakin Sallah, yara su more, in an gama Sitta Shawwal in sauke. In ana so a Babbar Sallah, a sake ɗaurawa, ba wani dogon aiki ba ne. Azumin kuma yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu cikin sanyi yake faɗowa a nan, saboda haka abin da zan faɗa game da ƙanƙara namu ne mu ma.

Idan ranar da ka yanke ta zo, ka zare fulogi daga soket, ka cire agogon da ke kunna su da kansa. Shi ke nan, a idon unguwa bikin ya ƙare. Sannan ka kwashe abin da ke ƙasa: mutum-mutumin da ake hura wa iska, barewar waya, kambin ganyen da ke ƙofa, doguwar wayar da ta ratsa tsakar gida, wadda in ka bari injin kwashe dusar ƙanƙara zai taune ta. Duk wannan ba ya buƙatar tsani.

Na kan rufi su ne sai an yi haƙuri. Ka jira ranar da sanyi ya sassauta ya haura 32 a ma'aunin Amurka, wato sifili a namu, ba iska, ba jiƙa, kuma da rana tsaka. Dalilin biyu ne. A tsananin sanyi roba tana ƙagewa, ka ja waya ta tsage, 'yan maƙalan da ke riƙe ta a indararo su karye ɗaya bayan ɗaya. Na biyun kuma ranka ne. Tsani a kan ƙanƙara ba ya da amana. Ka kafa shi a busasshiyar ƙasa, duk ƙafa huɗu na tsawo ka ja gindinsa ƙafa ɗaya daga bango, wani ya riƙe maka, kuma in hannunka bai kai ba ka sauko ka matsar da shi. Kada ka tsaya a ƙasa ka fizgo waya, da ita za ka ɓamɓaro indararon. In waya ta daskare cikin ƙanƙara a bakin rufi, rabu da ita sai ta narke. Fitilar da aka zare daga wuta ba abin da za ta yi maka in ta ƙara mako biyu a sama.

Wadda aka nannaɗe a jikin bishiya kuwa lallai a kwance ta kafin bazara, don da ganye ya fara toho bishiyar tana ƙara kauri, wayar ta shige cikin ɓawo.

Kafin ka adana, ka shigar da su cikin gida su sha ɗumi su bushe, sannan ka jona kowane zare ka gani. Wanda robarsa ta tsage kada ka liƙe shi da salatif ka ce ya yi, ka ware shi. Kada kuma ka jefa shi a kwandon kayan sake sarrafawa na ƙofar gida, yana sarƙe musu inji. Masu sayen tsohon ƙarfe suna karɓa saboda tagullar da ke ciki. Masu lafiyar sai ka naɗa kowanne a fallen kwali, ka rubuta inda yake zama, na baranda, na taga, na saman gareji, ka zuba a akwatin roba mai murfi don ɓera. Mutum-mutumin iska shi ya fi son shanya, in ka ninke shi da danshi, baɗi funfuna za ka tarar. Batiran da ke cikin ƙananan kayan ado ka cire su, suna yoyo su lalata mazauninsu. Wanda kuma yake son sababbin fitilu don azumi, ya leƙa kanti a makon da ke bin Kirsimeti, lokacin ne ake karya farashinsu.