Yadda Za Ka Kalli "Cape Feare" Na The Simpsons Ka Ci Moriyarsa

Duk wanda ya ce maka ka shiga The Simpsons, katun ɗin nan na talabijin, ta kan "Cape Feare" kai tsaye toh ya rage maka rabin daɗin, don labarin ramuwar gayya ne, kuma ramuwa ba ta armashi sai ka san mafarin gabar. Kashi na 2 ne a zango na 5, tashar Fox ta Amurka ta fara nuna shi ranar 7 ga Oktoba 1993, Jon Vitti ya rubuta, Rich Moore ya ba da umarni. Minti ashirin da 'yan kai ne kacal, amma akwai shirin da ya kamata ka yi kafin ka danna.

Fara da "Krusty Gets Busted" na zango na 1, 1990. Nan za ka san waye Sideshow Bob, dogon nan mai gashi tsaitsaye da manyan ƙafafu, yaron Krusty mai barkwanci ne a shirin yara na talabijin, kullum shi ake wulaƙantawa har cusa shi ake a bakin igwa a harba don yara su yi dariya, shi kuma mutum ne mai ji da boko da son a ce shi wayayye ne, abin ya ishe shi sai ya yi shigar Krusty ya je ya yi fashi a shagon Kwik-E-Mart aka kama maigidan nasa. Bart, yaro ɗan shekara 10, shi ya tona asirin, kuma girman ƙafar Bob ne ya sa aka gane shi. Daga nan sai "Black Widower" na zango na 3, 1992, inda Bob ya fito daga kurkuku ya auri Selma yayar Marge, uwar Bart, yana shirin tashin ta da iskar gas ya ci dukiyarta, nan ma Bart ɗin ne ya watsa shirin. Kaga sau biyu kenan ƙaramin yaro yana mayar da ƙaton mutum gidan yari. Wannan shi ne bashin.

In kana da hali ka leƙa fim ɗin Cape Fear na 1991 wanda Martin Scorsese ya shirya, Robert De Niro ya fito a bos, tsohon fursuna mai zane-zane a jiki da ke farautar iyalin lauyansa. Ba dole ba ne ka kalle shi duka, kuma gaskiya fim ne mai nauyi, ba na zama da iyali ba. Abin da kake bukata ka riƙe uku ne, zaman bos a sinima yana busa sigari yana ƙyaƙyata dariya don ya dami mutane, ɗaure kansa da ya yi a ƙarƙashin mota ya bi su, sai kuma artabun ƙarshe a jirgin ruwa. Duk su aka kwaikwaya, har kiɗan ban tsoron da ke tashi in Bob ya bayyana daga can aka samo salonsa.

Toh yanzu ka kunna, kuma ka sa rubutun ƙasa, don Kelsey Grammer da ke yi wa Bob murya turanci yake zubawa irin na masu ƙaryar ilimi, da kunne kaɗai abubuwa da yawa za su wuce ka.

Dabarar kallon guda ɗaya ce, kar ka bi Bart da ido, Bob za ka bi. Duk wani abu da a fim ɗin asali yake tsayar da gashin jiki, a nan an bar shi yadda yake amma an sa duniya ta ƙi ba wa bos ɗin girmansa. Wasiƙun barazana yake aiko wa Bart da jininsa ya rubuta, ya yi ta rubutu har da abubuwan da ba su kai a zubar musu da jini ba sai da ya yanke jiki ya faɗi. A gaban kwamitin sakin fursunoni aka tambaye shi zanen da ke ƙirjinsa na fatan mutuwar Bart, ya ce ai Jamusanci ne, su kuma suka gamsu suka sake shi. A sinima ya zauna gaban su Bart yana hayaƙi yana dariya, sai ga Homer, uban Bart, ya fi shi hayaƙi ya fi shi dariya, barazanar ta tashi a banza.

In an zo wurin da jami'an FBI ke sauya wa iyalin suna zuwa Thompson za su kai su Terror Lake su zauna a jirgin ruwa mai ɗakuna, ka natsu. Jami'in ya yi ta gaishe da Homer da sabon sunan, ya ce in na kira ka ka amsa, ya ce toh in na taka maka ƙafa ka yi murmushi ka gyaɗa kai, har suka gaji suka kwance nektai, ƙarshe Homer ya juya wajen ɗaya jami'in yana raɗa masa wai ina jin da kai yake. Ni a wurina wannan ya fi komai a kashin, amma jama'a sun fi ɗaukar na manjagara.

Shi na manjagarar ga yadda yake. Bob ya fito daga ƙarƙashin mota a jigace, an bi da shi ta cikin ƙaya, an watsa masa kofi mai zafi, yana ɗaga ƙafa ya taka haƙoran manjagara ƙotar ta tashi ta doke shi a fuska, ya yi wani gurnani ta hanci ya ture ta, ya juya ya taka wata, haka har sau 9. Kar ka tura gaba don Allah, an gina shi ne don ka yi dariya, ka gaji, ka fara cewa wai me ye haka, sannan dariyar ta dawo ta fi ta farko. Dalilin tsawaita shi ma ba wata hikima ba ce tun farko, kashin ne bai cika mintunan da tasha ke so ba sai su Al Jean, masu shirya katun ɗin, suka ja wurin, kuma gurnanin ma maimaita na farkon aka yi ta yi. Bayan wannan ga giwaye suna jiran sa a fareti.

Ka lura kuma da Homer da daddare, yaro na kwance cikin fargaba uban ya faɗo ɗaki da wuƙa a hannu yana ihu ashe kek zai yanka masa, ya ba da haƙuri ya fita, ko minti ba a yi ba ya dawo da zarto mai inji da abin rufe fuska wai zai nuna masa sabon kaya.

Ƙarshen shi ne inda kashi biyun da ka fara kalla za su biya ka. Bob ya ɗaure 'yan gidan, ya yanke igiyar jirgi, ya tsare Bart da adda, ruwan kuma ga kadoji ga kifaye masu lantarki ba halin tsalle. Bart bai fi shi ƙarfi ba, kawai ya san lagonsa ne, ya ce masa muryarka na da daɗi, roƙona na ƙarshe ka rera min waƙoƙin H.M.S. Pinafore gaba ɗaya, wani wasan waƙe na Gilbert da Sullivan na 1878 daga Ingila. Mutumin da ya yi shekaru ana harba shi daga igwa yau ga mai sauraro ya samu, ina zai iya ƙi? Ya shiga rerawa har da sauya kaya da tuta a bayansa, jirgi na tafiya da ruwa har ya daki dutse a Springfield, garin su Bart, su Wiggum shugaban 'yan sanda na tsaye a wurin, kuma ba aiki ya kawo su ba.

Wannan wurin na ƙarshe da wasiƙun jini su ne dalilin da zan ce kar a kunna wa ƙananan yara don an ga katun ne. In ka gama kana son ci gaba, "Sideshow Bob Roberts" na zango na 6 ke biye, inda Bob ya yi maguɗin zaɓe ya zama magajin garin Springfield.