Kurakuran Sabon Maharbi, Daga Sayen Baka Zuwa Sakin Kibiya

Kibiyata ta farko a gaban takalmina ta faɗi. Ta biyu ta tashi, amma tsirkiya ta zabge ni a hannun hagu, wurin ya kumbura ya tara jini, na kwana uku ina ɓoye shi cikin hannun riga. Laifin kuwa tun daga shago ya samo asali. Mai kaya ya miƙo min baka mai laba 24, na ce wannan ai na yara ne, na ɗauki mai laba 40.

Ƙarfin baka da laba ake auna shi, wato nauyin da yatsunka ke riƙe da shi idan ka ja tsirkiya inci 28. Laba 40 wajen kilo 18 ke nan, a kan yatsu uku. Ja ɗaya ba komai ba ne, kowane ƙato zai yi. A ja na talatin ne kafaɗa take ɗagewa, hannu ya kama rawa, mutum ya riƙa sakin kibiya don ya huta, ba don ya gama saiti ba. Munanan ɗabi'un da ake shekara ana fama da su, yawancinsu daga nan suke tsira. Babban mutum ya fara da laba 18 zuwa 24, yaro ƙasa da haka. In da hali a sayi bakan da ake kwance fikafikansa biyu daga mariƙi, don in hannu ya faɗa, fikafikan kawai za a sake.

Sai kibiya, wadda mutane ke saya kamar tsintsiya, a zaɓi mai kyan launi a wuce. Buɗe hannayenka biyu, a auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, a raba da 2.5. Mai santimita 175 zai sami santimita 70, tsawon jan tsirkiyarsa ke nan a ƙiyasce. Kibiyarsa ta fi haka da inci ɗaya ko biyu. Doguwa ba ta cutar da kowa, gajeriya ce ke zamewa a ƙarshen ja ta tsaya saitin bayan hannu. Kibiyar kabon kuma, kafin a ɗana ta, a ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne. In ta yi ƙas-ƙas ta tsage a ciki, a jefar da ita. Wanda ya saba ganin kiban kyauro na mafarautanmu, waɗanda ba a sa musu gashi, ya lura cewa ta zamani gashi uku gare ta, kuma wanda launinsa ya fita daban shi ke kallon waje, ba jikin baka ba.

Kada a taɓa ja a saki babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata ya tafi da ita cikin baka yake komawa, ya tsaga fiffike ko ya tsinka tsirkiya a fuskar mutum. Baƙo ne ya fi yin wannan, daga “kawo in gani” sai ka ji tau! Ni yanzu kafin in miƙa wa kowa bakana sai na yi masa wannan gargaɗi, ko da zai ga na cika fi'ili.

Akwai kuma maganar ido. Haɗa tafukanka ka bar 'yar kafa a tsakiya, ka dubi wani abu daga nesa da ido biyu, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gusa masa ba shi ne jagora. Badame mai jagoran idon hagu zai yi ta ganin kibansa suna kaucewa gefe ɗaya yana zargin baka. Ko dai ya rufe idon hagun, ko ya koyi harbi da hagu tun da wuri.

Bulalar da na sha a hannu daga riƙo ta zo. Na damƙe baka kamar ƙotar fartanya, cikin gwiwar hannuna ya shigo hanyar tsirkiya. Baka tura shi ake yi da tudun da ke gindin babban yatsa, sauran yatsun a sake. A juya gwiwar hannu ta kalli gefe, a ɗaura fatar kariya a kan damtse na ƙasa, wata 'yar fatar kuma a yatsun ja. Faɗuwar kibiyar farko ma laifin yatsu ne: ɗaya a sama, biyu a ƙasa, sai na matse gindinta a tsakani, ita kuwa ta juya ta sauka.

Inda aikin yake shi ne wurin tsayar da hannun ja. Sabon shiga yau ya kai kunci, anjima ya tsaya a iska gaban fuska, ko ya miƙo wuya ya tari tsirkiya kamar kaza ta ga tsaba. Ɗan bambancin da bai kai faɗin yatsa ba a fuska, kafin kibiya ta isa allon da ake harbi ya zama taƙi guda. A zaɓi wuri ɗaya a lizimce shi: ko manuniya a kusurwar baki, ko hannu a ƙarƙashin haɓa tsirkiya tana taɓa kan hanci, yadda masu gasa ke yi. Kai ya tsaya cak, tsirkiya ce za ta zo ta same shi. Jan kuma da baya ake yin sa. In ka tashi daga atisaye damtsenka ne kaɗai ke ciwo, tsakanin kafaɗunka lafiya lau, to ba ka fara ba tukuna.

Sakin ma ba fizga ba ne, yatsu ake sassautawa tsirkiya ta ture su da kanta, hannu ya zame baya ta gefen wuya. Sannan a daina leƙe. Ɗokin ganin inda ta sauka ke sa a sauke baka tun ba ta gama fita ba, sai ta yi ƙasa. Tsaya yadda kake har ka ji ta caki allo.

A gasar Olamfik daga mita 70 ake harbi, allon santimita 122 ne, da'irar maki goma kuwa 12.2 kacal, kuma matan Koriya ta Kudu ba su saki zinaren ƙungiya ba daga 1988 har 2024. Kai fara daga mita 10, kada ma ka damu da tsakiya. In kibau shida suka taru wuri ɗaya, ko a gefe ne, gyaran saiti minti biyu ne. Waɗanda suka warwatse ne ke nuna jiki bai daidaita ba.

Ka duba bayan allo kafin kowane harbi, don a unguwanninmu yaro ko akuya ba sa sallama. In an gama a sauke tsirkiya, a goga mata kaki musamman da hunturu, kuma kada a bar baka a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, gam ɗin da ya haɗa fikafikan saki yake yi.