Yadda Iyaye Za Su Gane Ciwon Nimoniya a Jikin Yaro Kafin Ya Ci Ƙarfinsa

Da zarar hunturu ya kama a Kaduna, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, da wuya ka shiga gida a Rigasa ko Tudun Wada ko Kawo ba ka ji yaro yana tari ba. Mafi yawansa mura ce, kuma takan tafi da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Amma a cikin yaran nan akwai wanda ciwon ya riga ya sauka masa cikin huhu. Ƙarfin tari ba ya nuna wane ne shi. Numfashi ke nunawa, kuma kowace uwa da kowane uba za su iya koyon duba shi, da agogon waya kawai.

Nimoniya, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan ramuka da iska ke shiga. Idan cutar ta kama, ramukan sai su cika da ruwa da mugunya, iskar oksijin ta kasa isa jini, yaro ya koma yin numfashi da sauri don ya cike giɓin. A cikin nau'in ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya, wata mai suna numokokus ce ta fi kawo ta, sai wata mai suna Hib. A cikin nau'in bairos kuwa wata mai suna RSV ce kan gaba, musamman ga jarirai: a 2019 ita kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000, kusan dukkansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

A duniya an samu sauƙi sosai. A shekarar 2000 yara fiye da miliyan ɗaya da rabi ne nimoniya ta kashe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta 740,180, wato kashi 14 cikin ɗari na mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Rigakafi da ingantuwar abinci da samun magani kusa da gida su suka kawo wannan ragi. Sai dai sauƙin bai iso ko'ina daidai ba, abin da ya rage ya taru ne a Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. A lissafin UNICEF na 2018, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa, da yara 162,000, har ta wuce Indiya mai 127,000 duk da tarin jama'arta. Ciwon da maganinsa ke da araha bai kamata ya riƙa yi mana wannan ɓarna ba.

Ƙirga numfashi

Duk yaron da ke tari ko numfashi ke masa wuya, a ƙirga masa. A jira sai ya natsu, ko yana barci, ko yana kwance a cinyar uwarsa. Idan yana kuka ko yana shan nono ko ya gama guje-guje, lissafin ba zai fito daidai ba. A ɗaga rigarsa a ga ciki da ƙirji a wuri mai haske. A kafa ido a wuri guda, a saita minti ɗaya cur a waya. Tashi da sauka tare su ne numfashi ɗaya. Nan ake yawan kuskure, wasu kan ƙirga tashi daban, sauka daban, sai adadin ya ninka.

Kada a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Numfashin jariri ba ya tafiya bai ɗaya, yakan yi sauri, ya ɗan dakata, ya ci gaba, don haka sai cikakken minti ne ke faɗin gaskiya. Idan yaro ya motsa ko ya fara kuka a tsakiya, a rarrashe shi a sake daga farko.

Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

- 60 ko fiye a minti, ga jaririn da bai kai wata 2 ba (a sake ƙirgawa a tabbatar)
- 50 ko fiye, daga wata 2 zuwa wata 11
- 40 ko fiye, daga shekara 1 zuwa ƙasa da shekara 5

Yaron da ya kai waɗannan alƙaluma, ma'aikacin lafiya ya gan shi a ranar, ba gobe ba.

Abu na biyu shi ne lotsawar ƙirji. A lafiyayyen yaro, idan ya ja iska, ƙirji da ciki tare suke tasowa. A mai nimoniya kuwa, ƙasan haƙarƙari, daidai inda ƙirji ya haɗu da ciki, yakan lotsa ciki a lokacin da yake jan iskar. Sai an gan shi a kowane numfashi, yaron kuma yana natse, sannan ake lissafa shi. Lotsawar da ke bayyana lokacin kuka kaɗai ba ita ba ce. Toshewar hanci ma takan ruɗa mutum, don haka a share hancin a sake dubawa.

Wanda ba a jira da shi

Akwai alamun da ko ɗaya aka gani, a ɗauki yaro zuwa babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, yana gurnani a kowane numfashi, ana jin ƙara mai kaushi idan yana jan iska alhali ba kuka yake ba, ko harshe da leɓɓansa sun yi duhu. Jaririn da bai kai wata 2 ba shi ya fi ban tsoro, domin sau da yawa ba ya tari, ba ya ma zazzaɓi. Jikinsa na iya yin sanyi, ya rage kama nono, ya daina motsi sai an taɓa shi. Irin wannan ba a kai shi kemis.

A cikin garin Kaduna akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gwamna Awan a Kakuri, da babban asibitin Kawo. Mutanen Zariya da kewaye suna da asibitin koyarwa na Shika. A kan hanya a rungume jariri fata da fata a lulluɓe su tare, a ci gaba da ba shi nono idan yana iya sha. Maigida kuma, muna roƙo, ya bar izini da kuɗin mota tun kafin ya fita. Jiran dawowar maigida ya cinye sa'o'in da yara da yawa suke buƙata.

A asibiti, a nemi a auna iskar jininsa. Wata 'yar na'ura ce da ake maƙalawa a yatsa. Idan ta nuna ƙasa da 90, yaron na buƙatar oksijin, kuma allura ba ta maye gurbinsa. Wasu iyaye kan tsorata da ganin robar oksijin a hancin yaro, suna ɗauka alamar ajali ce. Magani ne, kuma da wuri aka fi son sa shi.

Magani da inda yake lalacewa

Ga nimoniyar da ba ta zo da alamun haɗari ba, maganin farko shi ne amoksisilin. Wanda ya fi dacewa da yara shi ne ƙwaya mai narkewa ta miligiram 250, ana jiƙa ta a ɗan ruwa mai tsabta ko a nonon uwa da aka tatsa. Ana auna shi da nauyin yaro, wajen miligiram 40 ga kowane kilo, safe da yamma, yawanci kwana biyar. Shi ya sa ake ɗora yaro a sikeli, kuma shi ya sa ragowar maganin yayansa ba nasa ba ne.

Wurare uku magani ya fi lalacewa a hannun iyaye. Na farko, dainawa a kwana na biyu don zazzaɓi ya sauka. Ƙwayoyin cutar ba su gama mutuwa ba, ciwon kan dawo. Na biyu, awo da cokalin shayi, alhali cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Idan na ruwa aka bayar, a yi amfani da ma'aunin da ya zo da shi, a haɗa garin da tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin kwalba, a girgiza kafin kowane sha. Na uku, amai: idan yaro ya amayar cikin rabin sa'a da sha, a sake ba shi. A koma asibiti bayan kwana uku a sake duba shi, ko tun kafin nan idan numfashin ya ƙaru ko ya rage sha.

Ga wani tarko da ya kamata a sani. Zazzaɓin cizon sauro da nimoniya sukan haɗu a jikin yaro guda. Gwajin maleriya ya nuna akwai, ba shi ke nufin huhu lafiya yake ba. Idan numfashi na sauri, a faɗa wa ma'aikacin lafiya adadin da aka ƙirga a gida, a nemi shi ma ya ƙirga.

Maganin tari na kwalba ba ya warkar da nimoniya, wani ma sa yaro barci yake yi har ya ɓoye alamun haɗari. A 2022 gurɓataccen maganin tari ya kashe yara kusan 70 a Gambiya. Nono ya ishi jariri, wanda ya wuce shekara ɗaya kuma a ba shi ruwan ɗumi da zuma. Ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara zuma. Kada a cusa man zafi ko kafur a hancin jariri, kada a kai shi wurin wanzami a cire beli ko a yi masa tsaga a haƙarƙari, ƙarin rauni ne da zubar jini a kan ciwon da yake fama da shi. Tarin da ya wuce kwana 14 kuwa, a bincika tarin fuka ko asma.

Tsare yaro tun farko

Allurar Penta, mai ɗauke da rigakafin Hib da tarin shiƙa, ta shigo Najeriya a 2012, ta numokokus kuma a Disambar 2014. Ana yin su a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta, a asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓu. Ta ƙyanda a wata 9 da wata 15, kuma tana da muhimmanci a nan domin yawancin yaran da ƙyanda ke kashewa, nimoniya ce ajalinsu. Idan an tsallake wata, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. A tafi da katin kawai.

Nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo. Yaro mai tamowa shi nimoniya ta fi kayarwa.

Sai hayaƙi. Mutane kan ɗora laifin a kan fanka da ruwan sanyi, su rufe ƙofa da taga ruf a hura gawayi a ɗakin mai jego. Wannan ya fi sanyin illa nesa ba kusa ba, domin hayaƙin na raunana huhu, iskar gawayi a rufaffen ɗaki kuma tana kisa ba tare da an ji warinta ba. A sa wa yaro riga mai kauri da hula da safa, a bar kafar da iska za ta shiga. Kada a yi girki da ice da goyo a baya, a miƙa shi ga wani har a sauke tukunya. Gidan sauro ya fi maganin sauro na hayaƙi, turaren wuta a yi shi lokacin da jariri ba ya ɗakin, janareto kuma a ajiye shi nesa da taga. Mai shan taba ya sha a waje, mai mura ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki jariri, ko da ranar suna ce.